Lauwali Masinja Zai Koma Ɗakin Jarrabawa

"…Lafiya ƙalau. Ya Zaituna da yaran? Ya mutanen Roni? To madalla. Kai, tsaya tukuna, Lauwali, mene ne wannan ka maƙale a hammata kamar wanda ya yi tsintuwa a hanya?"

Lauwali ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, ya ajiye baƙar ledarsa a hankali. Ranar Asabar ce bayan la'asar. Malama Rahamatu tana zaune a inuwar darbejiyar tsakar gidanta a Kazaure, ta baje littattafan ɗalibai tana dubawa. Ita 'yar kawunsa ce, shi ɗan gwaggonta, don haka tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an yi wa wani tsiya ba. Lissafi take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma kusan kowace shekara sai an sa ta tsaron jarrabawa.

Shi kuwa Lauwali masinja ne a wani ofishi a Roni. Shekara goma sha tara ke nan yana ɗaukar takardu daga wannan tebur zuwa wancan. Bana aka ce akwai gurbin akawu, amma sai mai takardar sakandare da kiredit a Turanci da lissafi. Yana da shekara arba'in da huɗu, furfura ta fara tsirowa a gemunsa, ya rufe ido ya yi rajistar jarrabawar 'yan waje da ake yi a ƙarshen shekara. Sati mai shigowa za a fara.

"Kayan aiki ne, Malama," in ji shi. "Daga kasuwa nake. Da waɗannan zan zama akawu."

"Akawu! Ikon Allah. Bawana zai zama akawu. To wa zai riƙa share mini ƙofar gida?"

"Wa ye bawanki? Ni da na girme ki da wata bakwai cur?"

"Wata bakwai ɗin da gwaggo ta ce da kuka ka cinye su? Miƙo ledar mu gani."

Ta zazzage ledar a kan tabarma. Sai ga jan biro guda biyu, da wani ƙaton fensir mai faɗi, da kalkuleta mai girman faranti. Malama ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta sake dubawa.

"Lauwali, jarrabawa za ka rubuta ko shago za ka buɗe?"

"Me suka yi? Mai shagon ya ce duk Kazaure babu irinsu."

"Gaskiyarsa. Wannan jan biron na masu ba da maki ne. Ɗalibi da shuɗi ko baƙi yake rubutu. In ka cika takarda da ja, ta yaya mai dubawa zai bambance rubutunka da nasa?"

"Ai dabarar ke nan, ke ba ki gane ba. Yana ganin ja ko'ina sai ya ɗauka wani ya riga ya duba, ya ba ni makina ya wuce."

"Zai ba ka, ƙwai ƙato da za ka soya wa Zaituna. Wannan kuma fa?" Ta ɗaga fensirin. "Na kafinta ne wannan. Ƙofa za ka auna?"

"Ba ya karyewa. Ko ƙasa ya faɗi."

"Takardar canki-canka na'ura ce ke duba ta, ba mutum ba. Fensir mai HB aka ce. Ka sayi biyu, ka fiƙe su tun daga gida, ka haɗa da kilina mai laushi. In ka goge amsa, ka goge ta tas, kada ka bar inuwa biyu a layi ɗaya."

Ta danna kalkuletar. Abin ya saki wata ƙara mai kaifi, har kazar da ke kiwo a gefen rijiya ta zabura ta gudu.

"Innalillahi! Wannan ai ta 'yan canjin sefa ce a Babura. Kana dannawa ɗaya duk ɗakin zai juyo."

"To sai su san babba ya fara aiki."

"Sai su san babba zai fita waje. Ni in ni ce a ɗakin, da kunne zan jawo ka."

"Ke ai Allah ya kiyashe ni da ɗakinki. An ce in kina tsaron jarrabawa ko tari yaro ya yi sai kin ce amsa yake aikawa."

"Gara ni. Kai fa, an ce wani ya yi maka alkawarin amsoshi ta waya."

Lauwali ya sosa ƙeya. "Wa ya gaya miki? Zaituna ko? Matar nan ba ta da ciki. Wani ne a tasha ya yi mini tayi. Na ce masa ni wayata ko hoto ba ta buɗewa."

"Ko tana buɗewa, ka bar ta a gida. In aka kama ta a aljihunka, ko a kashe take, ba wanda zai tsaya jin rantsuwarka. Kuma waɗannan amsoshin na tasha, rabi na bara ne, rabi na ƙarya."

"Na ji, uwar iyayi."

"Ba ka ji ba tukuna. Lamba bakwai fa? Ka gaya wa yaranka labarin lamba bakwai?"

Shekara ashirin da biyar da suka wuce, ranar jarrabawar lissafi, tambaya ta bakwai ta gagari Lauwali, ya tsallake ta da niyyar dawowa. Amma bai tsallake layinta a takardar amsa ba. Amsar ta takwas ta zauna a gurbin ta bakwai, ta tara a gurbin ta takwas, haka har ƙasa. Sai da ya gama tambayoyi ya ga saura layi ɗaya babu komai a ciki, a daidai lokacin da aka ce a ajiye fensir. Bai sake zama jarrabawar ba. Mahaifinsa ya rasu a wannan daminar, gona da ƙanne suka dawo wuyansa.

"Wannan ba laifina ba ne," in ji Lauwali. "Layukan ne suka matse."

"Layukan suna nan yadda ka bar su, ba su ƙara faɗi ba. Ka ɗora yatsa a kan lambar tambaya, ka duba lambar layi, sannan ka shafa. Duk bayan goma ka tsaya ka sake gwadawa. Tashi ka gyara zama, yanzu zan gwada ka."

"A nan? Gaban kaji?"

"Su ma su shaida."

Ta yage takarda daga wani littafi, ta yi rubutu a sama, ta jero tambayoyi biyar na lissafi, ta miƙa masa da shuɗin bironta. Ta cire agogonta ta ajiye a kan gwiwa.

"Minti goma sha biyar. Bismillah."

Lauwali ya duƙufa. Idonsa ya faɗa kan tambaya ta huɗu, wadda ta fi kowace tsawo, ya ce a ransa da ita zai fara don ya nuna wa matar nan iyakarta. Ya yi ta fama da ita, gumi na bin wuyan rigarsa. Da ya kayar da ita sai ya koma ta ɗaya, ya yi ta biyu, ya fara ta uku.

"Lokaci ya cika. Ajiye biro."

"Haba! Agogon nan naki gudu yake kamar ɗan acaɓa."

Ta fizge takardar, ta juya gaba ta juya baya.

"Jama'a, takardar wa ce wannan? An tsinci takarda babu mai ita."

"Tawa ce mana. Ba a gabanki na rubuta ba?"

"Mai dubawa yana can wani gari, bai san gemunka ba. Ina suna? Ina lambar jarrabawa? Su ne farkon abin da za ka rubuta, kafin ka kalli tambaya ko ɗaya. Karanta mini abin da ke sama."

Ya karɓa ya karanta a hankali. "Amsa tambaya… biyu kawai."

"Nawa ka taɓa?"

"Huɗu. Ai alheri na yi muku. Ku zaɓi waɗanda suka yi muku."

"Ba kasuwar tumatir ba ce, da za ka yi mana gyara. Lokacin da ka ɓata a kan ƙari, da ka sake duba aikinka da shi. Kuma wa ya aike ka ka fara da mai wuya? Minti tara ka yi a kanta. Ka karanta duka tukuna, ka fara da wadda ka fi sani, hannunka ya saki."

Lauwali ya ajiye biron. Ya share gumin wuyansa. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Rahamatu, kin ga gumin nan? A gabanki ma ke nan, ke da na sani tun kina yawo ba ɗankwali. Ina ga ranar, in na shiga cikin yara sa'annin Sadiqa? 'Yata ce fa take koya mini kullum bayan la'asar. Ita ta ci tata bara. In na faɗi, da wane ido zan kalle ta? Ga 'yan ofis, tun yanzu sun fara kirana Akawu."

Malama ta sake karɓar takardar, tana bin aikinsa layi-layi da bakin biro. Ta kai ƙarshen tambaya ta huɗu, ta koma farko, ta sake bi.

"Hmm," in ji ta.

"Mene ne hmm?"

"Ba komai. Rubutun ne kamar kaza ta bi ta kan laka."

"Rubutun na ji. Amsar fa?"

"Amsar… ba laifi."

"Ba laifi ko daidai?"

"Kai, ka cika naci. Daidai ce. Duk ukun da ka gama daidai ne. Wannan ta huɗun, 'yan ajina bakwai ne kawai suka iya ta a satin jiya." Ta tura masa takardar. "Kanka lafiya yake, Lauwali, garaje ne ciwonka. Yaran da kake tsoro kuwa, kowa ta kansa yake yi, ba mai lokacin ƙirga furfurarka. In ka zauna ka yi bismillah, ka ja numfashi, ka karanta umarni sau biyu. Kuma kada ka cika ciki da fura da safe, ka je ka yi wa mutane minshari."

"Yau ga abin mamaki. Rahamatu ta yabe ni. Bari in kira maigidanki ya shaida."

"Ban yabe ka ba, Sadiqa na yaba. To, ka huta ranar Talata, ka sake bin darussan nan, tunda lissafin sai Laraba da rana."

Lauwali ya ɗago kai. "Talata da safe dai."

"Laraba da rana. Ni za ka koya wa jadawali? Shekara nawa ina wannan aiki?"

"Talata, ƙarfe tara."

"Ka ga irin garajen da nake faɗa? Haka za ka je ka tarar da ɗaki a kulle."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata takarda tana kaɗa ta a iska, ta dangwara masa a gaba. "Karanta da bakinka."

Lauwali bai yi sauri ba. Ya ɗora yatsa a saman takardar, ya bi rubutun a hankali, kamar yadda aka koya masa yanzun nan. Sai murmushi ya fara buɗe masa fuska.

"Malama, karanta mini abin da ke sama."

"Me zan karanta? Jadawalin jarrabawa na shekarar…" Ta tsaya. Ta matso da takardar kusa da tabarau.

"Ƙarasa mana. Kaji suna jira."

"Na bara ne," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Kin san mu tsofaffi kunne ya yi nauyi."

"Na ce na bara ne!"

Lauwali ya zaro tasa takardar daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda. "Ga na bana. Da safen nan na je makarantar da aka tura ni, na ga ɗakin da idona, na gwada wannan da wanda aka liƙa a allo. Shekara goma sha tara ina kai takarda, ban taɓa kai ta ofishin da ba nata ba. Da na bi taki, ranar Laraba zan je in tarar ana shara."

Malama Rahamatu ta riƙe baki, sannan dariya ta ƙwace mata, har da hawaye, tana dukan tabarma.

"Shi ke nan, ka ci. Wallahi ka ci. Kada dai ka kai labarin nan Roni."

"Roni? Har garin Gwiwa sai an ji."

Ta sake shiga ɗaki, tana dariya. Ta ɗan jima, sannan ta fito da wani ƙaramin gwangwanin kayan lissafi, fentinsa duk ya koɗe. Ta buɗe ta saka sababbin fensir biyu da kilina da shuɗin biro, ta haɗa da 'yar kalkuletarta marar ƙara, ta miƙa masa.

"Da wannan gwangwanin na rubuta tawa. Ko 'ya'yana ban taɓa ba wa aro ba."

Lauwali ya karɓa da hannu biyu. Ya juya murfin, ya ga an ƙarce shi da tsinin ƙusa. Ya yi gyaran murya.

"Sunanki ne a jiki fa."

"Bar shi haka. Ko ba komai, a ce kun shiga ɗakin nan da wanda ya taɓa cin jarrabawa."

Ya sa takalmi, ya soka gwangwanin a aljihu ya dafe shi da hannu. Har ya kai zaure ta ɗaga murya.

"Lauwali! Allah ya ba da sa'a. Talata fa, ƙarfe tara!"

"Amin," ya amsa daga waje, yana tayar da babur. "Ke dai rubuta a bango, kada ki manta."