Tasar Inna Kulu da Sule Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da tasar Inna Kulu ba, ko da tsufa zai kwashe duk abin da ya rage a kaina. Har yau in na ji ƙarar tagulla sai na ji zufa ta tsatso mini a ƙeya.

A lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba, mutane na ta koyon ƙirga sule bayan sun saba da wuri. Ni kuwa saurayi ne mai ji da kansa, ina sayen fatu a Illela ina tara wa wani madugu da ake kira Alu, mutumin Sakkwato. Shi ke ba ni jari ba rubutu ba shaida, sai yarda kawai. Ranar da ya ɗauke ni abu ɗaya ya gaya mini: duk yaron da aka taɓa kama hannunsa a kayan wani, ya gama cin tuwon fatauci. Na ce masa ai ni ɗan gidan mutunci ne. (Ku riƙe wannan maganar, za ta yi mana amfani a gaba.)

Na kama ɗaki a gidan Inna Kulu, wata tsohuwa da mijinta malami ya rasu ya bar mata gida mai ɗakuna biyu a waje. Muka yi magana a gaban liman: shekara guda, daga watan Gani zuwa watan Gani, sule ɗaya kowane wata. Don in nuna ni ma wani ne, na zaro sule goma sha biyu na zube gaba ɗaya. Kuɗin ragona ne da na sayar, da ɗan abin da na tara. Aka shafa fatiha.

Inna Kulu ba ta da yawan fara'a. In ka gaishe ta sai ta amsa tana duban ƙafarka, ko ka shigo mata da ƙasa tsakar gida. Kuma duk ranar da aka ga wata, sai in hango ta a bakin ɗakinta da wani dogon tsumma tana kwance-kwance. Na yanke hukunci a raina cewa marowaciya ce, tana duba dukiyarta ko ta haihu.

Wata biyar muna haka, sai Faransawa suka tsananta a kan iyaka, fatun Ƙonni suka daina ƙetarowa. Madugu ya zo a ƙarshen watan azumin tsofaffi ya ce in haɗa kayana, jibi za mu koma Sakkwato. Nan take lissafi ya tsaya mini a rai: wata bakwai ban kwana ba, sule bakwai na hannun tsohuwa. Sule bakwai kuwa a wancan zamani sai ya biya harajin gidanmu har a ga saura.

Sau uku ina zuwa in tambaye ta. Na farko na gaishe ta na tambayi lafiyar awakinta. Na biyu na gaya mata ranar tafiya, ta ce Allah ya kai mu, na ce amin na fito. Na uku kuwa, wallahi, sai na ji bakina yana yabon kukar da take shanyawa.

Sai na kai kukana wurin Jaɗi, wani mai awon hatsi da muke hira da shi, wanda bai taɓa kama haya ba a rayuwarsa amma ya san hukuncin komai.

"Mi kaka jira?" in ji shi. "Kuɗɗin haya tuwo na, in ya shiga ciki ba ya dawowa. Kai kac ce shekara gaban liman, ko alƙali ba ya amsam ma. Ka samu wani abu nata ka riƙe, ku tashi ba cuta."

Da mai hankali ne ni da na yi dariya na wuce. Amma shawarar banza ta fi daɗin shiga kunne idan ta zo daidai da abin da zuciya ke so. Da azahar Inna Kulu ta tafi gidan suna. Na leƙa madafarta, na ga tasar tagullar da take ji da ita, gadon uwarta, mai ɗan tsagu a baki. Na ɗauka na cusa ta can ƙasan mangalar jakina, na danne da fatu. Har ina gaya wa kaina wai wannan ba sata ba ce, jingina ce. (Jinginar da mai kaya bai san an yi ba!)

Gari ya waye, ayari ya taru a ƙofar gida. Ga madugu, ga liman ya zo yi mana addu'a, ga maƙwabta. Jaɗi ma yana can gefe yana ƙifta mini ido. Na ɗaura kaya ina ta sauri, ina so a shafa fatiha mu ɓace kafin a tashi neman tasa.

Sai ga Inna Kulu ta fito, ƙunshi a hannu ɗaya, dogon tsumman nan a ɗayan.

"Tsaya, ɗan nan. Haka za ka tahi ba ka amshi haƙƙinka ba?"

Ta ware tsumman a gaban kowa. Ƙulli goma sha biyu ne a jere, biyar an kwance, bakwai suna nan daram, kowane da sule a ciki.

"Malam, Allah jiƙan shi, shi yak koya min," in ji ta. "Kuɗɗin watan da ba a kwana ba, ba nau na ba, ajiya ta. Sai an ga wata nika kwance guda. Sau ukku kana zowa kana yabon kuka, ina jiran ka buɗe baki."

Aka yi dariya. Na miƙa hannu in karɓa da sauri, ta janye.

"A'a. Ba a sa kuɗɗi ga aljihu bisa hanya. Ƙasan mangala aka sa su."

"Inna, bari in sa da kaina!"

"Kauce, mi kas sani?"

Ta tura hannu cikin fatu har kafaɗa. Jakin nan, Allah ya isa tsakanina da shi, ya zaɓi wannan lokacin ya girgiza jiki. Sai kowa ya ji ƙwal! Inna Kulu ta tsaya cak. Ta jawo hannu a hankali, tasa ta fito tana ƙyalli a hasken safiya.

Na waiga, babu Jaɗi babu dalilinsa. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Madugu ya dube ni, ya dubi tasa.

"Wagga ba tasarki ta ba, Kulu? Mi yak kawo ta cikin kayan yarona?"

A wannan ɗan lokacin na ga komai ya tafi: jarina, sunana, fuskar babana idan labari ya riga ni isa gida. Inna Kulu ta daɗe tana kallona, irin kallon da har yanzu ban iya kwatanta shi ba. Sai ta juya tasar ta nuna wa madugu tsagun bakinta.

"Tau ta. Shekara nawa nike son a kai min ita wurin maƙeran hwarin Sakkwato a like bakinga. Ga shi Allah ya kawo mai kaiwa."

Ku lura, azumi ne a bakinta, kuma ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Ba ta ce ita ta ba ni ba. Ta dai ɗauko wata gaskiyar ta lulluɓe ni da ita. Ta mayar da tasa cikin mangala, ta sa tsumman kuɗi, ta ɗora ƙunshin garin fura da busasshiyar albasa. Da ta zo gyara igiya kusa da ni sai ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji:

"Kuɗɗin gyara cikin naka. Kuma da hannunka za ka maido ta."

Ban sani ba ko madugu ya gane. Ina zaton ya gane, don kwana uku muna tafiya bai ce da ni uffan ba. Sai da muka hango Sakkwato ya ce, "Tsohuwag ga ta saye ka. Ka yi ƙoƙari kak ka sa ta hasara." Bai karɓe jarinsa ba.

Maƙerin fari, mai aikin tagulla, ya ci sule biyu. Kafin azumin Ramalana na sake taka kwana uku na kai mata tasarta. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ta katse ni ta ce in share ƙafata na shigo mata da ƙasa. Daga nan har ta bar duniya, ban taɓa shiga Illela ban sauka gidanta ba, kuma ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ba. Duk abin da na samu a fatauci, da gidan da nake ciki, da mutuncin da 'ya'yana ke ci, daga ƙarƙashin rufin asirin matar nan suka fito. Kullum ina sa ta a addu'a tare da uwar da ta haife ni.

Bayan rasuwarta 'yarta ta aiko mini da wani ƙunshi. Na kwance, sai ga tasa. Saƙon da ke tare da ita gajere ne: wai Inna ta ce a ba ni, tunda na daɗe ina sonta.

Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga baya kuma dariyar ta tafi ta bar hawayen. Tun daga ranar mangala, in ina bin mutum abu, baki nake aikawa, hannu ya zauna gida. Bakin da ya ji kunyar tambaya ya jawo mini asarar sule biyu da tafiyar kwana shida, kuma wallahi da arha na sha.