Tsofaffin Kwoi da Sikelina

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kusa zama shahararriya ba. Farkon shekarun casa'in ne, ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya a Kafanchan. Aka ce kowa ya yi bincike, wanda nasa ya fi kyau Kaduna za a tura shi aiki. Ni kuwa ko a mafarki Kaduna nake gani.

Na zaɓi in auna nauyin tsofaffi, in kwatanta na gari da na ƙauye. Na fara da kwatas ɗin reluwe, wajen iyayenmu 'yan kasuwa masu wuni zaune a shago. Sannan na ɗaure sikeli a bayan mashin, sai Kwoi, wajen manoman citta. Kowa ya san abin da zan samo: na gari ƙiba, na ƙauye ƙashi da fata.

Sai ga abin mamaki. Tsohuwa za ta zo, wuya kamar sillen kara, ta hau sikeli, allura ta yi tsalle. Ta bayanta ma haka. Har sun fi matan reluwe nauyi. Murna ta rufe min ido (ban ko tambayi kaina me ya sa kowacce ta sha zane uku da rana tsaka ba). Na dawo ina shaida wa kowa, har mai ƙosan bakin makaranta, wai na gano citta tana ƙara nauyin ƙashi.

Ranar gabatarwa har takalmi mai tsini na ara. Ina ta zuba bayani, malamarmu Sista Laraba, wadda 'yar Kwoi ce, tana bin takardata da biro. Sai ta tsaya.

"Wannan ta goma sha huɗu, mai gida bayan coci, kilo saba'in kika rubuta?"

"E, Sista."

"Uwata ce. Ranar Lahadi da hannu ɗaya na ɗora ta a kan mashin."

Aji ya kwashe da dariya. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Ranar Asabar Sista ta tasa ni gaba muka koma Kwoi. Mamanta ta shiga ɗaki, ko a jikinta, ta fito da kayan da ta ɗaure cikin zane ranar awo: ɗan dutsen niƙa, doya biyu, da ƙullin citta.

"Yarinya, kai ne ka ce takarda zai tafi Kaduna," in ji ta da irin Hausarta ta tsofaffin ƙauye. "Yarona yana aiki a can. Kana so su karanta su ce ba ya ciyar da ni?"

Ashe tun ranar da fasto ya yi sanarwar zuwana, matan zumuntar coci suka haɗa baki, kowacce ta tanadi dutsenta.

Kaduna dai wata ce ta tafi. Ni aka turo ni Kwoi ɗin nan, na yi kuka na share hawaye. Har yau duk tsohuwar da ta zo awo sai na rungume ta tsam kafin ta hau sikeli. Suna ta yabona wai nas ɗin nan akwai son mutane. Ni kuwa dutse nake lalube.