Mafarkin Jaki da Zaki

Wani ne a unguwarmu a birnin Recife, Allah bai ba shi mafarki ba. Ka san cacar dabbobi da mafarki ake buga ta: ka ga kada a barci, da safe ka zuba kuɗinka a kan kada. Kowa na mafarki, har kurman layinmu. Shi ko gogan da ya kwanta sai ka ce an jefar da buhun rogo.

Don neman mafarki ya ajiye aiki, ya ɗaura ragar kwanciya, ya dinga narkar wake da rana tsaka yana minshari. Rannan sai ga shi a guje wajen Seu Valdemar mai rubuta caca.

"Na yi! Na yi mafarki!"

"Madalla. Wace dabba ka gani?"

"Babu dabba. Ni na gani, ina zaune ina kallon kaina."

Seu Valdemar ya ɗauki biro. "Jaki ke nan."

"Zaki dai!"

Mutanen da ke layi suka haɗa baki: "Jaki!"

Ran gogan ya ɓaci. Ya wuce gida, ya kwance akuyar da matarsa Dona Zuleide ke kiwo don bikin baftismar 'yarsu ranar Lahadi. Ya kai wa mahauci, ya dawo ya zube kuɗin kaf.

"Zaki! Rubuta da manyan baƙi, 'yan baƙin ciki su gani."

Da la'asar sakamako ya fito. Jaki.

Wallahi har ni sai da ya ba ni tausayi. An gayyaci dangi tun daga ƙauye, ga shi babu ko ƙashin miya. Ya ja ƙafa zuwa gida yana haɗa ƙaryar da zai yi. Yana shiga sai ga akuya ɗaure a turkenta, tana cin ɓawon ayaba. Dona Zuleide na gefe tana gwada sabon takalmi.

"Zuleide, wannan fa?"

"Na fanso ta wajen mahauci. Jaki na buga."

Gogan ya washe baki. "Kin gani ko? Mafarkina ba ya ƙarya! Amma tsaya, wa ya gaya miki abin da na gani a barci?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni sai na jira barci? Ai kullum ido biyu nake ganinsa."