Rasuwar Dattijo, Rediyon Gidan Madam Rashida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba, ni Rashida Wakili, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Konni, nake sanar da dangi, maƙwabta da ƴan majalisar karatu ta ranar Asabar rasuwar Dattijo, rediyon gidana mai cin kaset. Ya cika ranar Asabar da ta wuce, tsakanin la'asar da magariba, a kan teburinsa cikin zaure, bayan shekara ashirin da tara a hannunmu. Kada kowa ya ce muku tsufa ne. Kashe shi aka yi, kuma zan faɗi sunan wanda ya yi.

Mijina, marigayi Malam Mas'udu, shi ya sayo shi a kasuwar Sakkwato. A kan cinyarsa ya riƙo shi cikin mota har Konni, naɗe da bargo, bai yarda an ɗora shi sama tare da buhuna ba. Baƙi ne, mai lasifika biyu da mariƙi a ka. Tun yana sabo bai da rawar kai, shi ya sa muka sa masa suna Dattijo. In akwai kuran, wato wutar lantarki, ya sha kuran, in an ɗauke ya ci pil, wato batir, bai yi gunaguni ba. Bai taɓa katse maganar kowa ba, abin da ba zan iya faɗa a kan wasu masu rai ba.

Ga wanda bai san majalisarmu ba: Malam ne ya kafa ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Mu takwas ne, wani lokaci tara. Kowace Asabar bayan la'asar muna zama a zauren gidana, a buɗe littafi, kowa ya karanta shafi biyu a bayyane, sannan a zuba shayi a yi gardama a kan abin da aka ji. Gidan yana bakin kwalta, motocin siminti na Malbaza suna wucewa suna girgiza ƙyaure. Amma ba ƙarar mota ce ta fi damunmu ba, shirun da ke biyo bayanta ne. Akwai Ikilima, ƙawata mai sayar da albasa, wadda sai da ta kai shekara arba'in ta koyi karatu a ajin manya. In ta ci karo da kalma mai wuya sai ta tsaya, zaure ya yi tsit, ta ji kamar kowa ita yake jira, sai ta rufe littafin ta ce idonta ne ke ciwo. Saboda ita Malam ya ce a sa kiɗa a ƙasa-ƙasa.

Ba ranar farko aka dace ba. An sa kalangu, ƙafafun mutane suka fara motsi, labari ya ɓace. An sa waƙa, kowa ya bar mai karatu ya bi mawaƙi. Har labaran duniya an gwada, aka tashi da gardamar siyasa, littafi yana kife a tabarma. Sai Malam ya shiga ɗaki ya ɗauko wani kaset da ya naɗa da kansa a Badaguishiri, cikin wani lambu, wata shekara da rani. Wani tsoho ne yake kaɗa gurmi. Muryarsa ta riga ta dushe, don haka ba ya waƙa, gurmin kawai, awa guda cur. Ranar Ikilima ta karanta shafinta biyu har ƙarshe. Inda ta tsaya, gurmi ya riƙe mata wurin har ta samo kalmar. Malam ya ce kiɗan karatu kamar gishiri ne a miya, in har ka ji shi a baki to ya yi yawa. Daga ranar aikin Dattijo ke nan, kuma bai taɓa fashi ba.

A fuska ta biyu ta wannan kaset, wajen tsakiya, tsohon yakan ɗan sassauta hannu. Sai a ji tari sau biyu, sannan a ji Malam ya ce: "Ci gaba, baba, ina jin ka." Shekara huɗu ke nan da rasuwar Malam. Ina da hotunansa, ina da littattafansa da rubutun hannunsa a gefen shafi. Murya kuwa, wannan ce kaɗai. Kowace Asabar nakan ji ta sau ɗaya, in sunkuyar da kai kamar ina bin layi.

Ba zan ɓoye ba, Dattijo ya yi jinya. Shekara uku da suka wuce murfin kaset ya karye, muka riƙa tokare shi da tsinken ashana. In pil ya yi sanyi yakan ja murya, wiiii, kamar mai miƙa. Sannan maɓallin mayar da kaset baya ya fara cizo. Chindo mai gyaran rediyo na bakin tasha ya duba shi, ya ce zai ƙara shekara goma in dai ba a taɓa wannan maɓallin ba. Tun daga nan da bik, alƙalamin rubutu, nake juya kaset, da hannuna. Na yanki takarda na rubuta "Kada a taɓa", da Hausa da Faransanci, na manna a kai. Duk wanda ke zama a zauren nan ya iya karanta aƙalla ɗaya daga ciki. Majalisar karatu ce.

Yanzu na zo kan Mahfuz. Ni na koya masa baƙi da wasali yana ɗan shekara bakwai, ni na share masa majina. Yau yana aiki a wani buro, ofishin kamfanin siminti, a Malbaza, ya yi tumbi, bara ya shigo majalisarmu. Wata biyu bai yi ba ya fara: "Madam, wanga kiɗi barci shika sa ni." Na ce wanda gurmi ke sa wa barci da barcinsa ya zo. Sai ya samu mai goya masa baya, Badi'a, ƙanwar mijina mai sayar da atamfa, wadda ke zuwa majalisa don shayi da labarin gari. Suka ce duniya ta ci gaba. Mahfuz ya zo da wata ƴar lasifika kamar kwalin sukari, mai haɗuwa da wayar salula, tana walƙiya ja da shuɗi kamar motar ɗaukar marar lafiya.

Na yarda aka gwada ta Asabar ɗaya, don kada a ce tsohuwa ta ƙi gaskiya. Ya sa waƙoƙin soyayya masu ganga. Ana cikin babin da uwa ke binne ɗanta, wata murya ta faɗo tana tallan sabulu. Da Ikilima ta karɓi littafi, waya ta yi ƙara, duk zaure ya ji matar Mahfuz tana tambaya ko ya sayo kifi. Aka yi dariya. Ikilima ta ɗauka da ita ake, ta ajiye littafin. Da aka tashi na ce a ɗaga hannu. Biyar suka zaɓi Dattijo, uku suka zaɓi kwalin sukari. A wurin masu kunya magana ta ƙare ke nan.

Ranar Asabar da ta wuce, sukari ya ƙare, na shiga cikin gida in ƙaro. Abin da ya biyo baya daga bakin Ikilima na ji shi, kuma mutum huɗu sun shaida. Ana cikin fuska ta biyu, Mahfuz ya miƙe ya ce wai ɗazu ya ji wani wuri mai ɗan motsi, zai mayar da kaset can. Ikilima ta ce: "Bari Madam ta dawo." Ya ce: "Haba Inna, ni da ke wuni da manyan injuna, wanga ɗan akwati zai gagare ni?" Ya ɗaga takardata da farce, ya danna. Dattijo ya yi gurnani, grrr. Maimakon ya janye hannu, sai ya danna maɓalli biyu tare. Badi'a ta taso wai za ta taimaka, ta ɗora kofin shayinta a kan Dattijo, ta sa cokali ta ɓamɓare murfin. Kofin ya kife ciki. Sautinsa na ƙarshe, wanda na jiyo daga tsakar gida, ɗan gajere ne: ƙyat. Sai warin ƙuna.

Na shigo na tarar da zaren kaset ya naɗe yatsun Mahfuz kamar hanjin kaza, wani ya tsinke yana lilo, wani yana cikin shayi a kan tebur. Na tsaya da gwangwanin sukari a hannu ina jiran kalma ɗaya. Abin da ya ce shi ne: "Madam, ai dama ya tsufa." Badi'a kuma ta ce: "Yaya, ki yi haƙuri, ƙarfe ne, ba mutum ba." Na ce mata: "Muryar wanki ce ke ɗiga daga hannunsa." Sai a lokacin ta ajiye cokalin. Na ce kowa ya ɗauki takalminsa. A shekara goma sha ɗaya, ranar ce kaɗai aka tashi ba a kai ƙarshen babi ba.

Chindo ya yi kwana uku a kansa, Allah ya saka masa. Ya ce injin ya ƙone, sukari ya shiga inda hannu ba ya kai. Zaren kuma ya wanke, ya shanya, ya haɗa da gam ƙulli-ƙulli, ya ceto minti goma sha huɗu. Ya sa mini su a wani rediyo a shagonsa. Gurmi ne, yana tsalle kamar mai ɗingishi. Babu tari, babu magana. Wurin ya tafi.

Marigayi Dattijo ya bar kaset ashirin da uku a cikin kwali, waɗanda ba su da mai ci yanzu. Ya bar bik ɗaya shuɗi wanda bai taɓa rubutu ba, da pil huɗu sababbi, da ƙyallen da na saka masa don ƙura. Ya bar Ikilima, wadda ta ce ba ta san ko za ta ƙara karatu gaban mutane ba. Ya bar ni. Ƴar lasifikar Mahfuz ba ta cikin dangi, ba ta da gado, kada a kawo ta gaisuwa.

Da a nan zan rufe sanarwar. Amma ranar Laraba Ikilima ta zo, ta zauna, ta daɗe tana murza bakin gyalenta, sannan ta ce Mahfuz ne ya aiko ta don ba zai iya haɗa ido da ni ba. Ashe wata uku da suka wuce, muna cikin karatu, ya ajiye wayarsa a bayan Dattijo ya naɗi fuska ta biyu gaba ɗaya. Ba don ƙauna ba. Don ya aika wa abokan aikinsa su yi dariya. Ya sa mata ta saurara a rumfarta. Ta ce gurmin yana nan, tarin yana nan, maganar Malam tana nan sarai. Kuma Malam na rufe baki, sai a ji Mahfuz ya matso da bakinsa yana raɗa: "Ku ji abin da muke sha kowace Asabar," sannan ya yi dariya ta hanci. Na tambayi Chindo ko za a iya yanke dariyar. Ya ce za a iya. Na ce kada ya yanke tukuna.

Kwana biyu na yi ina cewa ba na so. Na ce gara in rasa muryar da in karɓe ta daga wannan hannun. Ranar Juma'a da hantsi na kama kaina ina ƙoƙarin tuno ko Malam "ina jin ka" ya ce ko "ina ji", na kasa. Sai na aika a gaya wa Mahfuz ya zo. Kada wani ya ɗauka yafewa ce. Ban yafe ba, kuma ban sa rana ba.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ranar Asabar mai zuwa, bayan la'asar, a zauren gidana. Ba za a sayar da marigayi ga masu sayen ƙarfe ba, kada su wahalar da kansu. Ni da Ikilima za mu goge shi, mu naɗe shi, mu sa shi cikin akwatin Malam tare da minti goma sha huɗun da Chindo ya ceto. Za a yi shayi. Badi'a za ta iya zuwa, amma kofinta a ƙasa za ta ajiye shi, kuma ba za a ba ta cokali ba.

Mahfuz zai zo da wayarsa cike da caji, ita kaɗai. Ba shi da kujera, a tabarmar bakin ƙofa zai zauna. In na ɗaga masa hannu zai kunna, a ƙasa-ƙasa, daga farko har ƙarshe, ba tsallake. In Malam ya yi magana kowa zai yi shiru. In dariyar ta biyo, ba wanda zai rage murya, ba wanda zai yi tari ya rufe masa asiri. Zai zauna ya ji ta tare da mu, a gidan mutumin da ya yi wa ita. Bayan nan ya miƙa wa Chindo wayar a kwafe mini, ya ɗauki takalminsa.

Ba a karɓar gaisuwa ta waya. Mai son yi mini ta'aziyya ya tako da ƙafarsa, kuma ya riƙe hannunsa a aljihu.

Sanarwa daga Rashida Wakili, a madadin iyalan marigayi.