Shuɗin da Na Sayo a Tambuwal

Da bikin ƙanena ya matso, ni na karɓi sayen shaddar ankon maza. Matata ta miƙo mini ƙyallen shuɗin da aka zaɓa, na ce ta riƙe abinta, idona ba ya ƙarya.

A kasuwar Tambuwal, ƙarƙashin wata rumfa mai shuɗin tamfol, na hango shi sak. Mai yadi ya ce, "Malam, fito da shi rana ka duba."

Na ce, "Ni da nika gane akuyata cikin ɗari?"

Na iso gida Kebbe ina washe baki, na kwance ƙullin yadin a tsakar gida. Kore shar. Haka muka jera a bikin kamar gonar albasa.

Har yau in na ce sama shuɗiya ce, sai matata ta leƙa ta duba.