Sanarwar Rasuwar Eriyar Tsohon Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Tsohon Kafinta yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar eriyar talabijin ɗinsa, wadda ta faɗo daga kan rufi ranar Talata da hantsi. Ta yi shekara ashirin da shida a bakin aiki.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Tasha biyu take kamawa, uku in sama ta yi kyau, kuma ba ta taɓa kawo abin kunya cikin gida ba. In hoto ya gudu sai ta ce “shhhhh”, Kafinta ya fita ya kama sandarta yana juyawa, matarsa tana leƙe ta taga tana yi masa alama da hannu, har fuskar mai labarai ta daina rawa. Ba a yarda wani ya taɓa sandar nan ba. Shi kaɗai ya san inda take so a tsaya.

A zamaninta duk layin nan falon Kafinta ake zuwa jin labarai. Shi ke kunnawa, shi ke kashewa. Tela na gidan da ke jikin nasa shekara goma sha tara yana zama a ƙasa kusa da takalma, ba a taɓa korarsa ba.

Ciwon ajali ya faro ne bara, ranar da Tela ya ɗora farantin tauraron ɗan'adam a kan rufinsa. A sani, Kafinta ne ya buga rufin nan da hannunsa. An ce farantin tasha ɗari biyu yake kawowa. Ido biyu gare mutum, amma ba a tambayi Kafinta ba. Maƙwabta suka janye ɗaya bayan ɗaya. Jikoki suka bi. Daga baya matar gidan ma ta fara zuwa aron allura kullum ƙarfe bakwai, ba ta dawowa sai tara.

Kafinta bai yi hassada ba. Magani ya nema wa majinyaciya. Ya ƙara wa sandarta tsawo har ta ɗara farantin Tela da kamu uku. Da bai ga sauƙi ba, ya ɗauko murfin babbar tukunyar matarsa, ya huda shi da ƙusa, ya ɗaure wa eriyar a wuya, ya juya shi inda na Tela yake kallo. Tasha ba ta ƙaru ba. Biyun ma ɗaya ta tafi. Kwana huɗu bayan haka iska ta kama murfin. Aka ji “ƙiiiƙ”, aka ji “kwararam”. A tsakar gidan Tela eriyar ta faɗi. Shi ya kawo gawar da kansa, yana danne dariya. Farantinsa ko ƙwarzane bai yi ba.

Ta rasu ta bar talabijin ɗaya mai ƙeya, waya kamu ashirin mai ɗauri bakwai, benci biyu da ba mai zama, da tukunya marar murfi wadda mai ita ba ta yafe ba.

Tela ya yi tayin jawo waya daga farantinsa ta kan katanga. An ji. Ba a karɓa ba. Kada a sake tayar da maganar.

Za a kai marigayiyar bayan ɗakin ajiyar katako gobe da safe. Ba za a ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ba, kada su wahalar da kansu.

Zaman makoki kwana uku ne, daga ƙarfe bakwai na yamma. Mai makoki zai shimfiɗa tabarmarsa a jikin katangar Tela, daidai ƙarƙashin tagar falo. Iska ce ta fi kaɗawa a wurin, ba wani dalili ba. Mai zuwa gaisuwa ya taƙaita. In an fara labarai kuma, ya yi shiru.