Yadda Ake Ƙetare Iyaka da Motar Gwaggo

Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi zai tashi daga Sokode da motar aro, ya isa kan iyakar Gana da ke Sinkase a matsayin mai mota. An jarraba, babu kuskure.

Mu ɗauka sunanka Mumuni. Kana neman auren Adiza, 'yar Bawku a ƙasar Gana, kuma ka riga ka gaya wa danginta kana da mota. Ranar Asabar mahaifinta yana jiran gaisuwarka. Motar ta gwaggonka ce, Hajiya Memounatou mai atamfa.

1. Nemi aron Dapaong

Kada ka ambaci iyaka. Tsofaffi da sun ji kalmar sai su tuna takarda. Ka durƙusa ka ce, "Gwaggo, Dapaong zan leƙa in dawo." Ba ƙarya ka yi ba, Dapaong tana kan hanya.

Za ta ce, "Dapaong kawai, ɗan nan?"

Ka ce, "Da so samu ne ma, a Mango zan tsaya."

Akwai takardar izini da mai mota ke sa wa hannu, a buga mata hatimi, idan wani zai fita da motarsa waje. Kada ka nema. Mai neman izini shi ake hanawa. Wanda bai nema ba, ba a taɓa ce masa a'a ba.

2. Fitar da Gwaggo daga motar

Ka tsaya a Bafilo. Cire carbin da ke rataye a madubi, da matashin da take jingina bayanta, da mayafin da ke kujerar baya. Tura su ƙarƙashin kujera. Buɗe tagogi turarenta ya fita.

Sunan shagonta da lambar wayarta suna manne a gilashin baya, kuma ba sa ɓantaruwa. Bar su. Ba mai karanta bayan mota.

3. Ɗauki shaida

Mota ba ta zama taka sai wani ya gan ka a ciki. A Dapaong ka ɗauki Abdulrauf, yayan Adiza, wanda zai kai ka gidansu. Mutum ne mai ƙarancin magana, abin da ya faɗa kuma shi mahaifinsu ke ji. Tuƙa da hannu ɗaya. Yi ƙorafin tsadar taya.

Idan ya ce, "Fetur take sha ko gas?" ka amsa, "Ba ta da zaɓe, Yaya." Mai mota na gaske ba ya shiga ƙananan maganganu.

4. Zama sunan da ke takarda

A Sinkase jami'i, wanda a can ake ce wa Shef, zai karɓi lasisinka da kart griz, takardar da ke ɗauke da sunan mai mota. Zai duba wannan, ya duba waccan.

"Memounatou. Wane ne?"

"Ni ne, Shef."

"Lasisi ya ce Moumouni."

"Rubutun Faransanci ne, Shef. Ka san su da haruffa, su rubuta goma su furta uku."

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma tana aiki a kan kowane jami'i, ban da wanda zai ce maka, "Sunan uwata ke nan. Shekara sittin tana amsa shi, ba ta taɓa wayar gari Mumuni ba."

Kada ka kalli Abdulrauf. Ka ce sunan kamfaninka ne. Jami'in zai gyaɗa kai, ya zagaya bayan mota, ya ciro wayarsa. A nan za ka gane cewa akwai mutum ɗaya da ake biya don ya karanta bayan mota.

5. Zaɓi abin da za ka zama

Zai kira lambar da ke gilashin, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Hajiya, motarki tana Sinkase, a hannun wani Mumuni."

Gwaggo za ta ji shi sarai. Sannan ta ce, "Ba nawa ba ne. Nawa yana Dapaong. Shi ya faɗa mini a durƙushe, yaron nan kuwa ba ya ƙarya. Na hannunku ɓarawo ne, ku riƙe shi."

Yanzu ƙofa biyu ce a gabanka: ɓarawo ko maƙaryaci. Ɓarawo a nan zai zauna. Maƙaryaci yana komawa gida. Masana sun fi son ta biyu.

"Gwaggo, ni ne."

"Kai wa?"

"Mumuni."

"A motar wa?"

"Taki."

"Ban ji ba, ɗan nan. Kunnen ya tsufa."

"Motarki ce, Gwaggo!"

"Madalla. Shef, ku sakar mini shi ya juyo. Kai kuma ka mayar mini da carbina inda ka same shi."

Kada ka tambayi yadda ta sani. Ita ta goye ka.

6. Sallami surukinka

Abdulrauf zai fito a hankali, ya gode wa jami'in, ya tsayar da mai babur. Ka matsa kusa ka ce, "Yaya, me za ka gaya wa Baba?"

Zai gyara hula ya ce, "Mai mota Baba yake jira. Zan ce masa ba ta samu zuwa ba."

Ka ɗaga masa hannu. Idan ba ka gano giyar baya ba, jami'in zai nuna maka.

Sanarwa

Alkawarin isa kan iyaka aka yi, an kuma isa. Ƙetarewa a kanun rubutun nan kawai take, kanu kuwa ba alkawari ba ne. Auren Adiza, da abin da ke jira a tsakar gidan Gwaggo, ba su shafi wannan shafi ba. Mai ƙorafi ya kai wa Memounatou, kowace daga cikin biyun: Gwaggo ko uwar Shef.